Keken Ɗinkin Rabi

Zuwa ga ƙanena Sale,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya ciwon bayan naka? Mu nan Fadaman Mada lafiya lau, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso, ka ce a sai wa 'yarka Rabi keken hannu ta fara koyon ɗinki. To, ban sayi shi ba. Na kai ta Wunti wurin mai sayar da kekuna, na ce ta gwada. Abin juyawar yana ɓangaren dama, tana murzawa zare ya cukurkuɗe. Mai shago ya ce, "Baba, za ta saba." Haka aka ce da ni ma, lokacin da Baffa yake ɗaure mini hannun hagu kai kana gefe kana dariya. Ga ni da furfura, ban saba ba.

Ka manta 'yarka bahaguwa ce, ni ban manta ba. Na ɗaukar mata na ƙafa. Jiya ta ɗinke mini aljihun riga, kuma ɗinkin ya miƙe. In abin bai yi maka ba, zo ka mayar da kanka.

Ka sa ta a addu'a. Ka gaida Hajara.

Yayanka,
Garba