Igiyar Ramin Kuza

Asabar, 9 ga Maris, 1974

Ga abin da na gani, kamar yadda na faɗa wa sajan na 'yan sanda a nan Kwoi da yammacin yau.

Mun isa tsohon ramin kuza da ke bayan gonakin Nok da ƙarfe goma da rabi na safe. Mu uku ne: ni, da Gilbert, abokina tun jami'a, wanda ya zo hutu daga Kaduna, da Baba Dogara, tsohon lebura da ya yi shekara ashirin yana haƙa a wurin kafin kamfani ya tashi, ruwa ya cike ramin. Gilbert ya zo da tabarau na shiga ruwa da bututun roba na numfashi. Yawon duwatsu da tafkuna shi ne hutunsa. Ruwan kore ne, garau, ba ya motsi. Baba Dogara ya ƙi yarda a shiga sai da igiya a ƙugu. Gilbert ya yi dariya, ya ɗaura.

Ya shiga sha ɗaya da kwata. Ya yi kamar minti goma yana kewaya, fuska a cikin ruwa, kan bututun a sama. Sau ɗaya ya ɗago ya ce, "Andrawus, akwai mutane a ƙasan nan." Da fara'a ya faɗa. Ya nutsa. Igiya ta miƙe. Baba Dogara ya sake ta. Gilbert bai fito ba.

Iyakar abin da aka tambaye ni ke nan. Sun tsare Baba Dogara.

Lahadi, 10 ga Maris

Ban je coci ba. Masunta biyu sun yi ta jefa ƙugiya tun safe har la'asar. Ba shi, ba igiyar.

Litinin, 11 ga Maris

Regina, matar Gilbert, ta sauka a jirgin ƙasa a Kafanchan, ta ƙaraso a mota. Ba ta yi kuka a gabana ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: wa ke riƙe da igiyar? Na ce Baba Dogara yana riƙe da ita. Wannan gaskiya ne.

Sajan ya ce in ta tabbata da gangan Baba Dogara ya sake, kotu za a kai shi. Mutum mai shekara kusan saba'in.

Na shiga aji huɗu a makarantar da nake koyarwa. Tafin hannuna ya hana ni riƙe alli, sai na sa su karatu.

Laraba, 13 ga Maris

An bar ni na ga Baba Dogara minti goma. Yana zaune a ƙasa, ba hula. Shi ya fara gaishe ni, ya tambayi makaranta.

Na ce me ya sa ya faɗa wa sajan cewa da saninsa ya sake. Ya ce, "Malam, dokan rami ne. In igiya ya ja daga ƙasa da nauyi, ba ka ja. Ka sake. Shekaran da gefen rami ya zubo, wani abokin aikinmu, Tagwai, ya riƙe igiyan ɗan'uwansa. Su biyu muka binne."

Na tambaye shi game da mutanen da Gilbert ya ce ya gani. Kawunan yumɓu ne, in ji shi, na mutanen da. Idan lebura ya tono ɗaya, ba a fitar da shi. Ana ajiye shi a kan matakalar ramin, fuska ga bango, don kada ya ga wanda ya tone shi. Goma sha ɗaya suka bari.

Da zan tafi ya dubi hannuna. Ya ce in sa man kaɗe.

Juma'a, 15 ga Maris

Regina ta ba ni jakar Gilbert. Ashe tabarau biyu ya kawo, da bututu biyu. Ɗayan nawa ne. Bai kai ga faɗa mini ba.

Na koma ramin da tsakar rana, ni kaɗai. Na ce wa kaina aikin ilimi ne. Ban nutsa ba, na kwanta a saman ruwa kawai na duba ƙasa.

Zan rubuta a hankali. Saman ruwan ɗumi ne, amma daga gwiwar hannu zuwa ƙasa sanyi ne mai cizo. Wannan kaɗai ya isa ya ƙulle wa mutum ƙafa. Matakalar tana nan, kimanin ƙafa goma sha biyu daga sama. Kawunan suna nan. Na ƙirga sau biyu, goma sha ɗaya. Babu ko ɗaya da ke fuskantar bango. Duk sun juyo, idanunsu huda biyu, suna kallon sama.

Ƙasa tana zamewa, ruwa yana juya abubuwa. Na san wannan, ina koyar da shi.

Igiyar tana gefensu. A naɗe take, naɗi mai tsabta, irin na wanda ya gama aiki. Don wannan ba ni da bayani.

Mutum yana jin numfashinsa da ƙarfi a cikin bututun. Na riƙe nawa don in saurara. Sautin bai tsaya nan take ba.

Lahadi, 17 ga Maris

Na je coci. Ban karɓi jibin Ubangiji ba.

Afiniki, 'yar Baba Dogara, ta tare ni a bakin ƙofa, da goyo a bayanta. "Malam, Baba bai cin abinci. Sun ce Laraba za a kai shi Kafanchan." Na ce ana addu'a. Ta ce, "Addu'a muna yi. Amma kai ka yi jami'a, maganarka ne suka rubuta. Namu ba su rubuta ba."

Na wuce gida.

Talata, 19 ga Maris

Na roƙi shugaban makaranta izinin awa biyu. Na sa farar riga. Zan kai wa sajan gyaran da na rubuta a ƙasa, in kuma ƙafata ta kai ni, in biya wajen Regina. Ba don wani abu ba. Bayanin da aka sa wa hannu ya kamata ya zama daidai.

Andrawus Meshak

Gyara ga abin da na rubuta ranar tara ga wata. Mu biyu ke riƙe da igiyar, ni a gaba, shi a bayana. Da ta miƙe, na ji ana janta hannu bayan hannu, ba gaggawa, ba irin jan mai neman ceto ba. Ni na fara sakewa. Baba Dogara, mai dokar sakewa, ya riƙe shi kaɗai har ta ja shi cikin ruwa zuwa ƙirji, kafin ya sake.