Binnen Bana a Gonar Gatawa

Sabon Birni, 28 ga Mayu

Zuwa ga Yayana Marwan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Jinjirina ya cika wata guda, ƙuraje sun rufe mishi wuya, ni kuma ga wankan jego cikin wannan hali.

Takardarka ta iso ta hannun Shamsu direba, tunda har yau waya ba ta shiga nan. Na karanta wa Baba da Inna. Na kai wurin da ka ce ka duba abin da masu awon yanayi sunka rubuta na shekarun baya, irin waɗannan kwanaki zafi kan tsaya wajen arba'in, bana kuwa ya kai arba'in da huɗu, don haka tsoho kada ya fita da rana. Baba ya yi dariya. Ya ce shi ya ga bazarar da kaji sunka riƙa faɗuwa matattu a gindin rumbu, lokacin ba a haife ka ba, kuma ya yi noma nai.

Yaya, ba wannan wurin ya riƙe ba. Abin da ya riƙe shi ne inda ka ce yanzu yini ya fi kowane lokaci tsawo. Tun da munka baro Gatawa ba ya kwana da wani tunani sai na gonarshi. Ya ce asuba na yi da wuri, magariba ba ta yi sai wajen bakwai, mutum na iya zuwa ya yi binne ya dawo tun hanya ba ta zama ta ɓarayin daji ba. In ruwa ya sauka, sai ya tarar da iri cikin ƙasa. Na yi magana, ya ce mai jego ta ji da jegonta. Ko za ka sake rubuto mishi?

Ka gaida mai ɗakinka Safiyatu.

Ƙanwarka,
Khadijatul Kubra

Sabon Birni, 4 ga Yuni

Yaya Marwan,

Assalamu alaikum. Ya haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta. Shamsu ya ba ka labari da baki, amma ina son ka ji yadda abin ya faru daga gare ni.

Ba Baba ya ce ta bi shi ba. Ita ta ɗauki ƙwaryar iri. Ta ce tun aurensu shi ke sara da sungumi, ita ke bi baya tana zuba iri tana rufewa da ƙafa, ba ta barin shi ya yi aikin mutum biyu. Na riƙe mata zane, ta buge mini hannu tana dariya. Sun fita bayan sallar asuba.

Baba ya ce sun yi aiki lafiya har hantsi ya ɗaga. Ruwan gora ya koma kamar na wanka. Da rana ta take tsaka, sai ya daina jin takunta a bayanshi. Ya waiga ya gan ta zaune tsakiyar gona, ƙwarya a cinya, tana kiran sunan Goggo da ta rasu tun muna yara. Ka san an sare itatuwan wurin duka. Kuma a wannan lokaci ko mutum ba ya da inuwa, tana ƙarƙashin ƙafafunshi. Ya kasa ɗaukarta. Sai ya tuɓe rigarshi ya buɗe ta bisa kanta da hannu biyu, ya tsaya haka nan shina kiran mutane, babu kowa, har la'asar. Wani mai amalanke daga Kurawa ya tarar da su. Ba ta kai asibiti ba.

Sun shigo gari da sauran rana sosai, Yaya. Har anka yi mata sutura anka kai ta, rana ba ta faɗi ba. Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba.

Fatar bayan Baba duk ta saluɓe. Za ni ci gaba da shafa mishi man kaɗanya in ya yarda. Ka taho da wuri.

Taka cikin hawaye,
Kubra

Sabon Birni, 19 ga Yuni

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa Sakkwato lafiya, ka tarar da yara lafiya.

Ka yi haƙuri da abin da za ni faɗa. Kwanakin da ka yi nan, bayan gaisuwa ba ka ce wa Baba komai ba, ko zama kusa da shi ba ka yi ba. Na san kana ganin ka gargaɗe shi bai ji ba. Gaskiyarka ce. Ranar da ka tahi ya tambaye ni ko ka bar mishi saƙo, na ce ka ce a gaishe shi. Ya ce, “Kubra, bai ce ba.”

Ruwa ya sauka daren Talata. Mutanen da sunka leƙa Gatawa sun ce geron ya tsiro da kyau, rabin gona kore, rabi fili, daidai inda aiki ya tsaya. Da anka faɗa wa Baba, tashi ya yi ya shiga ɗaki.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, tun bayan tafiyarka, da ya dawo sallar azahar sai ya ja buzu tsakiyar gida ya zauna cikin rana, ba hula. In na roƙe shi ya koma zaure sai ya ce nan ya fi mishi daɗi. Liman ya yi magana, maƙwabta sun yi. Jiya na sa mishi jinjiri a cinya, don dole ya tashi ya kai shi inuwa, sannan ya dawo ya zauna.

Mun rasa guda, Yaya. Ba ni iya ɗaga shi ni kaɗai. Shamsu za shi taso daga Sakkwato ranar Asabar, na ce ya aje maka wuri gaba. Ba sai ka ce mishi komai ba. Ka zo ka kama hannunshi ku shiga zaure.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Khadijatul Kubra