Rabin Gwangwanin Wuri

Abu Hail, Dubai
18 ga Disamba, 2004

Ƙanwata Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki a takarda tunda Madam ɗinki ta hana ki riƙe waya. Yaya aiki, yaya yaran nan biyu masu kunnen ƙashi? Ni lafiya lau, sai ciwon bayan tuƙa tuwon ƴan kargo, masu lodin kayan fatake.

Abednego direban gidanku ya zo cin abinci, ya ce ranar Laraba za ku tashi zuwa Fuket, wani tsibiri a ƙasar Tailan. Su hutu, ke goyo da wanki, amma ko ba komai kya buɗe ido. To ni da na yi kwana tara a Zanzibar da Larabawan da na yi wa aiki a da, na san halin tsibiri, sai ki buɗe kunne.

Kar ki cika jaka da atamfa. Zafin can mai gumi ne, wanki ba ya bushewa. Dogayen riguna marasa nauyi sun ishe ki, da takalmin roba, don akwai wata ƙaya a ƙarƙashin ruwa da ta fi ta aduwa mugunta. Sauron can ba shi da imani, ga man shafawa nan na ba Abednego. Ruwan famfo kar ya taɓa bakinki. Nama kuwa, in ba ki tabbatar da yankan ba, ki tsaya kan kifi da shinkafa, na ƙulla miki yaji. Fasfonki na san yana hannun Madam, to ga kwafinsa, na rubuta lambar wayata a baya. Ki naɗe shi a leda ki ɗaure a ƙugu kamar laya, ko wanka za ki kar ki kwance.

Sai babbar magana. Kin san Inna ta daɗe tana kukan wuri ya ɓace a kasuwar Maradi, sai na roba, ita kuwa ta rantse ba za ta ɗinka roba a fayafayan aurenki da Malam Ɗalhatu ba. To can wuri a ƙasa yake, kyauta! Ga dabarar. Teku yana janyewa kamar tafkinmu na Madarunfa da rani, sai dai shi kullum yake yi. Kina ganin ya ja baya, kar ki tsaya sakin baki, yalla, maza ki bi shi, manyan can ciki suke. Kar ki ji tsoro, sai ya yi awoyi kafin ya dawo, kuma a hankali yake tahowa kamar tsohuwa. Da idona na ga matan Zanzibar suna shiga har da goyo. Ga gwangwanin madara nan, ki ciko shi. Kika kuskura kika dawo min da rabi, sai na ja kunnen nan naki.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo min da ke.

Yayarki,
Hadijatu


Abu Hail
29 ga Disamba, 2004

Zaituna,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki, ban kuwa san inda zan aika takardar nan ba.

Ranar Lahadi ina tsakiyar kwashe tuwo ƴan kargo suka taru a gaban talabijin suna salati. Girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku, wai. Na ji an ambaci Fuket, muciya ta faɗi daga hannuna. Abednego ya zo jiya, ya ce Madam ta bugo, ita da maigidan da yaran suna lafiya, suna hawa na uku ruwan ya zo. Na tambaye shi ke fa. Mutumin nan mai surutun tsiya ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne hoton da suke ta maimaitawa. Kafin ruwan ya zo, sai da tekun ya janye can nesa, ƙasa ta fito fili, kifi na tsalle. Na ga mutane sun bi shi. Zaituna, na ga sun bi shi suna tsince-tsince.

Amma ai ke matsoraciya ce. Muna yara ko kwaɗo ya yi tsalle sai kin ƙwalla ihu, a Madarunfa a bakin gaɓa kike tsayawa kina riƙe mana takalma. Kuma sau nawa na ce miki abu kika yi kunnen uwar shegu? Na ce kar ki karɓi aikin gidan nan, kika karɓa. Don Allah, don Annabi, wannan ma a ce kin ƙi ji. Ki dawo min da gwangwanin ba ko ɗaya a ciki, wallahi goya ki zan yi.

Inna ta sa an bugo sau biyu. Na ce mata layin can ne ya lalace. Ina jin tsoro, ƙanwata, tsoron da ban taɓa ji ba.

Taki,
Hadijatu


Abu Hail
20 ga Janairu, 2005

Zuwa ga mahaifiyata,

Inna, ina durƙusawa ina gaishe ki. Yaya jiki, yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Zaituna, ya sa ta huta. Malam Ɗalhatu, na san kai za ka karanta mata wannan. Ina yi maka ta'aziyya, kuma na haɗa ka da Allah kar ka tsallake ko layi ɗaya don tausayina.

A waya na ce miki ruwa ne ya ci ta, kika ce kwananta ne ya ƙare. Haka ne, Inna. Amma akwai saura.

Madam ta dawo, ta aiko Abednego ya kai ni gidan. Ta ce a safiyar nan suna baranda a sama suka hango teku ya ja baya. Zaituna ta miƙa mata ƙaramin yaron, ta roƙi izinin minti goma sha biyar, ta ɗauki bokitin wasan yara ta sauka da gudu. Ta ce tunda yarinyar ta zo gidanta ba ta taɓa ganin ta cikin murna irin ta ranar ba. Madam har yau tana mamakin abin da ya kai mai tsoron ruwa cikin teku. Ban gaya mata ba. Ke zan gaya wa.

Ni na aike ta, Inna. Ni na rubuta mata da hannuna cewa in ruwa ya janye ta bi shi ta tsinto miki wuri, na ce kar ta ji tsoro, a hankali yake dawowa. Kwana tara na yi a tsibiri, na mai da kaina malamar teku. Ashe janyewa iri biyu ce, ɗaya kawai na sani.

Madam ta ba ni jakarta, takardata tana ciki. Kowace shawara ta ja mata layi da biro. Rigunan marasa nauyi ne, man sauron ya kusa ƙarewa. Da aka tsinci gawarta bayan kwana shida, ledar nan tana ɗaure a ƙugunta yadda na ce, da ita aka san sunanta. Shi ya sa ba a haɗa ta da waɗanda ba a gane ba. Musulmin tsibirin suka yi mata salla suka rufe ta. Yarinyar nan ba ta bar maganata ko ɗaya ta faɗi ƙasa ba.

Ban ce ki yafe min yau ba. In ranki ya yi sanyi wata rana, ki sa a bugo min, ko zagi ne ina so in ji muryarki.

Na ba mai kawo takardar nan gwangwanin madara. A ɗakinta na otal aka same shi, wurin da ta tara a kwana uku ne, ta wanke su tas. Ƴan kargo sun ce akwai mai sayar da wuri a kasuwar Deira, nan Dubai, in saya in cika miki. Na ƙi. Rabi ne, Inna. Sauran ta tafi cikowa.

Ƴarki,
Hadijatu