Hirar Ranar Lahadi

Zuwa ga yayata Manang Delia,

Gaisuwa mai yawa daga Manila. Yaya ƙafar mahaifiyarmu Nanay, tana shan maganinta kuwa? Ni lafiyata ƙalau. Ramar da kuka gani a talabijin ta aiki ce, kada ta damu.

Na san kun kalli hirar Lahadi. Tun da fim ɗin da na yi da jarumi Arvin ya karɓu, kamfani ya ce mu zama masoya a idon duniya har yarjejeniyata ta ƙare. Kafin mu shiga hirar, manajata Madam Tess ta zare zoben baikon da Efren ya sa mini. Ta ce, "'Yata, ba ki bar kowa a garinku Iloilo ba, kin ji ko? Masu kallo ba sa yafiya." Shi ya sa na yi dariya na ce ban taɓa yin saurayi ba.

Efren ya daina ɗaukar wayata. Don Allah ki je shagonsa da kanki. Shi ya fara tafa mini a dandalin cocinmu, ya san muryata idan wasa nake yi.

Ana kula da ni sosai. Direban kamfani ke kai ni ko'ina, ya jira ni a ƙofa. Na nemi izinin zuwa gida, an ce sai baɗi. In an samu mai tahowa, ki aiko mini da busasshen kifi.

Duk abin da Efren ya ce, kada ki ɓoye mini. Amma ki kira ranar Litinin. Ranar ba a ɗaukar hotona, ko idona ya kumbura ba mai tambaya.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarki,
Ningning