Ba Mama Muka Binne Ba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Bayan haka, nemi wuri ka zauna. Matar da muka binne kusa da Baba ba Mama ba ce.

Jiya ma'aikacin ɗakin ajiye gawa ya same ni a shago. Ashe tsofaffi biyu ne suka rasu rana ɗaya, kowace aka sa mata kayan zumuntar matan coci, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya. Shi kuma, sarkin sani, da kaya yake gane mutum. Yakan yanke takardar sunan da ke ɗaure a ƙafar gawa ya liƙa a fayil ɗin masu ɗaukar gawar, ba ya ko dubawa. Sai jiya ya ga ta Mama a fayil ɗin wasu.

Auta, ni ce na hana a buɗe akwatin, don ba zan iya kallon fuskarta ba. Ni ce kuma na yi mata alkawarin kwantar da ita gefen Baba, don su tashi tare ranar tashin matattu. Na kasa cin abinci. Ga adireshin mutanen da suka ɗauki Mama, sun fi kusa da kai. Ka je ka ce za mu tone tamu mu kawo musu tasu.

Ka gaida yara. Ni ce,
Yayarka

Yaya,

Na gaishe ki da kyau. Sau huɗu na karanta takardarki a tsaye, don zaman ya gagara.

Na je. Mijin matar yana da rai, tsoho ne tukuf, da sanda yake tafiya. A bakin kabarin na same shi yana cire ciyawa. Su ma ba su buɗe akwatin ba. Da na faɗa masa, sandar ta suɓuce daga hannunsa.

Can ya ce, “Wato sati uku ke nan ina zuba wa matar wani hira?” Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, na riƙe shi muka yi tare.

Na kawo maganar tonewa. Ya ce, “Ɗana, idan kun nace ba zan hana ku uwarku ba. Amma Ubangijin kansa a kabarin aro aka sa shi, bai kuma hana shi tashi ba. Kana jin ranar da zai kira su, sai ya duba fayil?”

Na san halinki, kin riga kin kira masu haƙa. Alkawarin naki ne, abin da kika yanke shi zan bi.

Allah ya ta'azantar da mu.
Auta

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na sallami masu haƙa. Har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba, amma da safe na je kabarin Baba, daga can na nemi gafarar Mama, na gaida baƙuwar Baba da ke kwance gefensa.

Ka tambayi tsohon cikakken sunan matarsa. Mai rubutu a dutse yana jira.

Yayarka