Rabin Matakin da Na Ɓoye Miki

Vienna, Litinin, 10 ga Nuwamba, 1958

Zuwa ga Ottilie, matata, hasken idona, sanyin zuciyata, tsuntsuwar da ba ta taɓa sauka a reshen da aka yi zato ba, muryar da na shekara talatin da ɗaya ina bin sawunta da yatsuna goma,

Yau kwana tara da kika ɗauki ƙaramar jakarki kika tafi Graz wurin yayarki. Kwana tara, Otti! Tun ranar ruwan sama bai ɗauke ba, ganyen bishiyar ƙofar gida ya zube ya ruɓe a kan matakala, fiyano yana rufe, ni kuma ina ta zagaye ɗaki kamar tsohon kare. Jiya tsohuwar nan ta ƙasanmu, Pospischil, ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam Kaspar, lafiya dai? Kyanwar taku ta mutu ne? Kwana biyu ban ji ana taka mata wutsiya ba." Shekara ashirin tana yi mana wannan tsiya, kullum ina da amsa a bakina. Jiya sai na ɗaga mata hula kawai na wuce.

Kin tuna ranar da muka fara hawa dandamali tare? Ni ina ɗan saurayi mai kaɗa fiyano, wuyan rigata ya yi mini yawa, ke kina sanye da koriyar riga ta aro. Ba ki kai tsakiyar waƙa ba mutanen garin nan suka zaro makullan gidajensu suna busawa kamar usur, wani ƙato daga baya ya kwarma ihu, "A kira likita, yarinyar nan ba ta da lafiya!" Ke ko gezau. Suna son waƙar da za ta fita yawo ta dawo gida, su yi ajiyar zuciya su tafa. Tamu ba ta da gida. Sauti ya tashi, na bayansa ya faɗo daga inda kunne bai taɓa tsammani ba, fiyano kuma ba ya riƙe wa mawaƙiya hannu. Sauran mawaƙa sai sun buga ɗan ƙarfen nan mai yatsu biyu, mai fitar da sauti ɗaya tak, a gwiwa, su kai kunne a ɓoye, kafin su san inda za su kama. Ke kuwa Allah ya ba ki kunne mai sanin kowane sauti da sunansa, har kina yi musu dariya, kina kiransu masu cin abinci da kunne.

Bayan taron, a gidan kofi, Haslinger mai sharhi a jarida ya kalle ki ta saman tabarau ya ce, "'Yammata, ai kin samu sana'a mai sauƙi. A irin wannan hayaniya, in kin yi kuskure wa zai sani?" Kika daki tebur sai da cokula suka yi tsalle, kika ce, "Ni zan sani! Wannan mai fiyanon ma zai sani." Kika nuna ni da yatsa, ko sunana ba ki gama riƙewa ba. A nan na faɗa, Otti, ban kuma tashi ba har yau. Da wannan magana muka rayu, har a shekarun da aka haramta kiɗanmu, muna rerawa labule a sauke, mutum shida a ɗaki.

To ga laifina, bari in faɗe shi a jere, tunda ranar ba ki tsaya kin ji ba. Shekara biyu da suka wuce, da bazara, muna gwaji, na ji muryarki ta sauka rabin mataki ƙasa da sautin da aka rubuta. Na ɗauka gajiya ce. Washegari haka, jibi haka, kowane sauti, rabin mataki cif, ba ƙari ba ragi. Na je wurin likitan kunne ban gaya miki ba, ya ce tsufa kan yi wa masu irin baiwarki haka, ma'aunin ciki ya gusa, mai shi bai sani ba, kuma ba magani. Na dawo gida na tarar da ke kina yanka albasa kina rera waƙa cikin nishaɗi. Wayyo, ta ina zan fara? Da wane baki zan ce miki abin da kika fi tinƙaho da shi a duniya ya soma yaudararki? Sai na sauke hannuwana rabin mataki a kan fiyano, na bi ki. Duk safiyar da kika tafi kasuwa, ni ina nan ina sake haddace waƙoƙin daga wani gurbi. Taro goma sha ɗaya muka yi a haka. Haslinger da kansa, da ya tsufa ya tuba, ya rubuta cewa ba ki kauce ko da faɗin gashi ba.

Sai ranar Asabar ɗin nan da rana, kika kawo mini kofi ina gwaji, kika tsaya a bayana kina bin waƙar a hankali. Kika dubi takarda, kika dubi yatsuna a kan farin maɓalli inda aka rubuta baƙi. Kika ce, "Kaspar, tun yaushe?" Ni kuma, jakin duniya, da duk maganganun da ke ƙarƙashin sama, sai na ce, "Haba Otti, ai ba wanda ya lura." Fuskarki ta yi fari fat. Kika ce, "Ashe Haslinger ne mai gaskiya." Kika ajiye kofin a kan fiyano, abin da ba ki taɓa yi ba, yana nan har yanzu ban ɗauke ba.

Haslinger ba shi da gaskiya, masoyiyata, kuma ni shaida ne! An lura. Ni na lura, a kowane taro, a kowane sauti, har zuciyata tana ciwo. Kin ce mai fiyanon zai sani, ya kuwa sani, kasa faɗa ya yi. Kuma ki ji wannan daga bakin wanda ya ƙirga: tazarar da ke tsakanin sauti da sauti, tsallen nan mai ban tsoro da kike yi daga ƙasan murya zuwa ƙololuwarta, ko sau ɗaya ba ki kuskure ba. Waƙar tana nan lafiya a maƙogwaronki, masomin kawai ya gusa. Na san za ki ce wanda ya rubuta ta sautin nan ya nufa, ba maƙwabcinsa ba, kuma gaskiyarki. Na daɗe ina gaya wa kaina don ke na yi. Kwana taran nan sun nuna mini tsoro ne. Na ji tsoron ki daina waƙa, in rasa dalilin zama a gefenki da yamma.

Steinwender, mai shirya taron ranar ashirin da biyu, ya nuna mini katin da kika aiko masa, wai kin bar waƙa har abada. Na roƙe shi, ya ce zai jira zuwa Jumma'a, daga nan zai ba wata. A wannan taron akwai mai sarewa da mai goge, ba wanda zai bi ki ƙasa, ni ma na daina. In ba ki dawo ba a wannan karon, na san halinki, ba za ki ƙara buɗe baki ba. Ina zan kai shirun nan? Ke ce ruwan da nake sha, ke ce iskar da ke motsa labulen ɗakina, garin nan ba tare da muryarki ba duwatsu ne jiƙaƙƙu kawai.

A cikin ambulan za ki ji wani abu mai ɗan nauyi, na naɗe shi a hankicina. Ƙarfen nan ne mai yatsu biyu da kika shekara talatin kina yi wa dariya. Na san zai ƙona miki rai. Ki buga shi a gwiwa, ki kai kunne. Za ki ji kamar ya yi sama da yawa, za ki rantse ya lalace. Bai lalace ba. Ki yarda da shi fiye da yadda kika yarda da ni, Otti, domin shi ba ya sonki, ba zai yi miki ƙarya ba.

Ranar Alhamis zan je tasha in jira jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu daga Graz. In ba ki cikinsa, zan dawo gida in buɗe fiyano in kaɗa nawa ɓangaren yadda aka rubuta shi, in bar gurbin muryarki a buɗe, washegari ma haka.

Naki, da laifinsa da komai, har ranar da yatsun nan za su daina motsi,

Kaspar