Kukana Ne Suke Tafa Wa

Anti Noeline, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana.

Mahaifina daraktan fina-finan katun ne, ya yi guda bakwai. Wata mai zuwa wani ƙaramin gidan silima a nan Hobart zai karrama shi, sun ce in hau dandamali in faɗi wanda na fi so da wanda na fi ƙi a cikin fina-finansa. Wai don a yi raha.

Wanda na fi ƙi shi ne wanda duniya ta fi so, na yarinyar da ke kuka a tashar jirgin ruwa. Ni ce yarinyar. Ina shekara takwas mahaifiyata ta tattara kayanta ta hau jirgi a Devonport ta bar mu. Ina kuka har da majina, shi kuwa ya zauna a benci ya fito da littafinsa yana zana ni. Har cewa ya yi kada in goge fuskata tukuna. Shekara talatin ke nan mutane na tare ni suna cewa kukan nan ya taɓa musu zuciya, ni kuma ina murmushi kamar sakara.

Wanda na fi so kuwa shi ne wanda kowa ke zagi, na akuyar da ta cinye jakar wasiƙu. 'Yan jarida sun ce shirme ne, kuma shirmen ne. Amma a teburin kicin ɗinmu aka yi shi, ni na shafa wa akuyar launi, kunne ɗaya ya fito shuɗi, mahaifina ya bar shi haka. Yanzu ko sunan fim ɗin ba ya so a ambata.

Ya tsufa, likitoci sun ce sai haƙuri. In tona a gaban jama'a, ko in ci gaba da haɗiyewa?

'Yar Mai Zane, Hobart

'Yata, abin da ya yi miki zalunci ne, ba zan shafa masa mai ba. Sai dai ki tuna shi ma ranar matarsa ce ta tafi, kuma akwai mutanen da in abu ya fi ƙarfinsu sana'arsu suke fakewa da ita. Wannan bai wanke shi ba.

Dandamali ba wurin wannan shari'a ba ne. A can ki yabi akuyarki da dukan zuciyarki, ki faɗi wanda ya shafa mata launi. In sun tambayi ɗayan, ki ce wancan tsakaninki da mahaifinki ne, ki sauka.

Amma kafin ranar, ki same shi a gida shi kaɗai ki gaya masa komai. Mai yiwuwa ya ce bai tuna ba, mai yiwuwa ba zai taɓa ba ki haƙuri ba. Duk da haka ki faɗa masa yana da rai, domin bayan ya tafi masu tafi ne kawai za su rage, su kuwa ba su da amsar da za su ba ki.

Allah ya ba shi sauƙi, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Anti Noeline